Garin Kunun da Bai Kwana Ba

Mako ba ya wucewa ban samu saƙon wata yarinya a waya ba: "Mama, don Allah ki koya mini kasuwancin onlayin, na ga babu wahala." Babu wahala! Wata ma cewa ta yi ta ga ina zaune a gida kuɗi na bina har ɗaki. To ku matso ku zauna, ku da kuke ganin sana'ar nan ɗaukar hoto ce da latsa waya. Sunana Hajara, a Anguwan Rogo aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na aurar. Garin kunun yara nake yi, shekara talatin da 'yan kai, tara daga ciki ta waya nake sayarwa. Idan na gama ba ku labarin nan, wadda har yanzu take so ta koya sai ta zo ranar Litinin da zanin aiki.

Aikin farko da aka ba ni shi ne regayar acca. A hannun Gwaggo Talatu na koya, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Acca kun san ta, ƙwayarta da yashi girmansu ɗaya. Ƙwarya biyu da ruwa, ki karkata wannan ki tare da waccan, ki sake, ki sake, har bayanki ya ƙage, a sanyin safiyar Jos da yatsa ke mutuwa a cikin ruwa. Idan na ce na gama, Gwaggo ta ɗebi kaɗan ta tauna. Haƙorinta ya ce ƙaras, shi ke nan, a koma farko. Wata shida ina kan acca kafin ta bar ni na taɓa kasko. Daga nan waken suya: a jiƙa, a murje ɓawon, a shanya har ya riƙa ƙara a faifai, sannan a soya da wuta kaɗan-kaɗan. Gyaɗa a tsince ta ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta yamushe a jefar, ba a yi mata uzuri. Tamba a wanke, dabino a cire ƙwallo a busar da shi har ya riƙa karyewa a hannu. Kayan aikinmu duka-duka kasko ne, da muciya, da faifai, da rariya, da manyan tire guda uku, da wani farin ƙyalle shara-shara da ba a yin komai da shi sai rufe gari.

Dokokin Gwaggo biyu ne, kuma a kansu labarin nan yake. Ta farko, gari sai ya kwana. Idan aka dawo daga niƙa garin da zafinsa yake zuwa, don ƙarfen inji ya gasa shi. Sai a baza a tire, a rufe da farin ƙyallen nan, a bar shi ya sha iska har washegari. Da safe ta tura hannu ciki har wuyan hannu. In ta ji sanyi har ƙasa, a ƙulla. In ta ji ɗumi ko yaya, ko mai saye na tsaye a zaure da yaro yana tsala ihu, sai ta ce, "Ki dawo da la'asar." Na taɓa ƙulla wa wata mata da zafinsa don ta dame ni da magiya. Muciyar da Gwaggo ta sauke mini a hannu, har yau in ana sanyi ina jin wurin. Ta ce, "Gari mai zafi gumi yake yi a cikin leda, ke 'yar nan. Gumi kuwa ruwa ne. Ruwa da gari a rufe, me kike so su haifa?" Doka ta biyu, kowane niƙa a ajiye ƙulli ɗaya a gida. Ƙullin shaida take ce masa. Bayan mako guda a buɗe, a shinshina, a dama. Ita ke fara sha, sannan ni.

Odar farko da na aika nesa, Gwaggo ta daɗe da rasuwa. Wata mai sayena ce aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Abuja, ta kira ta ce yaronta ya ƙi duk wani garin gwangwani, in kai mata nawa tasha. Na ɗaure kwali na rubuta lambarta, na tsaya ina kallon motar har ta ɓace, kamar na sa ɗiya a ciki. Ita ta nuna wa maƙwabciya, maƙwabciya ta sa hoton garin a guruf ɗin matan unguwarsu, kafin shekara na zama mai shafin sayarwa a intanet. Kayan aiki suka ƙaru: roba mai murfi, injin liƙe baki, sikeli, takardar mannawa mai sunana da lambata, da waya mai kyamara wadda na yi wata biyu ina tsoron latsa ta. Sai Malam Iro mai keke mai ƙafa uku, dattijo mai 'ya'ya bakwai, shi ke kai mini na cikin gari da na tasha.

Ga abin da ba ku gane ba. Matar da ta zo zaure ta ga fuskata, ta ga tsakar gidana, ta ga ko ina yanke farce. Matar waya ba ta ga komai ba sai hoto. Ta yarda da muryar da ba ta san mai ita ba, roba ta iso, ta buɗe, ta dama, ta ɗura a bakin jaririn wata shida wanda ba ya iya cewa "Mama, da ɗaci." Shi ya sa suke da fitina. Akwai wadda za ta tambayi farashi sau biyar ta ɓace. Akwai mai turo saƙon murya na minti bakwai, shida a kan surukarta, ɗaya a kan kunu. Akwai wadda ta ce sai na ɗauko mata bidiyon injin niƙan, da fuskar mai injin, ta ga ko yana da tsafta. Duk ina amsa musu, ina yi ina tsaki a zuciya, amma ina amsawa, don na san tsoro ne ke sa su.

A shekarata ta biyar a waya na ci karo da jawaban wani mutum, ɗalibansa suna ce masa Koci. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Mai kwat ne da farin haƙori, yana cakuɗa Hausa da Turanci, in ya fara magana sai ki ji kamar ki tashi ki sayi jirgi. Nakan jingina wayar a jikin buhu, ina tsintar gyaɗa ina saurare. Ba zan ci haƙƙinsa ba, na ƙaru da shi. Shi ya koya mini ɗaukar hoto a bakin taga maimakon duhun ɗaki, shi ya ce a rubuta duk abin da aka zuba a gari a jikin roba, shi ya ce a gaida kwastoma kafin a faɗi farashi. Har na shiga guruf ɗinsa na musamman. Amma akwai karatun da ya fi so, kullum sai ya maimaita yana buga tebur: "Kwastoma ba ya jira! Duk wanda ya ce gobe ya mutu a kasuwar yau! Sauri shi ne amana!" Na ji sau ɗaya na yi dariya. Na ji sau hamsin, sai na tashi na rubuta a saman shafina: ODA YAU, KAYA YAU. Ni, gyatuma da ni, mai jika uku. Da farko ba a samu matsala ba, don kullum ina da garin jiya a ajiye.

Shekarar da ta karya ni ita ce ta gaba, cikin watan Agusta. Wata mata mai mabiya da yawa ta ɗaga robata a bidiyo ta ce da garina ta yaye 'yarta. Ranar Litinin ke nan. Kafin azahar wayata ta yi zafi kamar dutsen guga. Garin ajiya ya ƙare tas, ga odar roba arba'in a gabana, ga rubutun da na yi da hannuna a saman shafi. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, waken da na shanya a ɗaki bai yi ƙarar da nake so ba, na ce wuta za ta ƙarasa shi. Talata da sassafe na soya, Malam Iro ya kai ni inji, layi ya riƙe mu, wuta ta ɗauke ta dawo, ba mu iso gida ba sai ƙarfe biyu. Motocin ƙarshe a tasha ƙarfe huɗu suke tashi, kuma na riga na makara da kwana ɗaya. Waya sai ƙara take. "Mama, kin ce yau." "Mama, ko dai 'yan damfara ne ku ma?"

Na baza garin a tire. Na ba shi rabin awa, ina yi masa fifita da faifai kamar mahaukaciya. Sannan na tura hannu har wuyan hannu. Ina so ku ji wannan da kyau, don nan ne wurin da zan iya yin ƙarya ba mai kama ni. Na ji ɗumi. Ba shakka na yi ba, ba mantuwa na yi ba. Ɗumi sosai, kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Na zare hannuna na goge a zani, na jawo injin liƙe. Roba arba'in da ɗaya na rufe. Arba'in suka fita, ɗaya na ɗora a kan kanta, don hannu ya saba da ajiye ƙullin shaida. A ranar Koci ya sa hoton shafina a guruf ya ce a yi koyi da Mama Hajara. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Ƙullin shaida bayan mako ake buɗewa, ni sai da na kai kwana tara, don oda ta sha mini kai. Alhamis da safe na ɗora ruwa, na ɗauko robar, na yage liƙen. Warin ne ya fara zuwa, irin na ɗakin da aka kulle duk damina. Ƙarƙashin liƙen jiƙe sharkaf. Saman garin kuwa lafiya lau, kamar kullum. Na sa cokali na tono ƙasa, sai ga shi ya dunƙule, da zare-zare kore da baƙi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna daɓas a ƙasan kicin. Ruwan ya tafasa ya ƙafe a tukunya ina kallo. Abu ɗaya ke yawo a kaina: roba arba'in, kwana tara, sau uku a rana, bakin jarirai. Na taɓa jin tsoro a garin nan, kun san rikicin da muka gani a wasu shekaru, amma wancan tsoron wani nake ji. Wannan karon ni ce abin tsoron.

Na tura wa Koci saƙon murya a keɓe. Ya amsa da wuri, nan ma ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, kowane babban ɗan kasuwa ya taɓa tuntuɓe. Amma kada ki kuskura ki sa wannan a shafi, in sunanki ya ɓaci kin gama. Ki bi su ɗaya-ɗaya, ki ce kin fito da sabon haɗi, kina so ki canza musu kyauta. Su ji daɗi, ke ki tsira." Wallahi har na fara rubutawa. Sai na tuna wata Hajiya a Kaduna da ta ɗauki roba takwas ta ce za ta raba wa masu goyo a danginta. Su wa ta ba? Ban san ko ɗaya ba. Na kuma tuna halinmu na mata: in aka ce za a canza mini kyauta, ai sai na ƙarasa na hannuna tukuna, wa ke zubar da abinci?

Shekara shida ban taɓa nuna fuskata a shafi ba. Ranar na jingina waya a bakin taga, inda Koci ya koya mini, na riƙe robar a buɗe na tono ƙasanta a gaban kyamara. Na ce, "Ni ce Hajara. Duk wadda ta karɓi garina na ranar Talata ta makon jiya, kada ta ƙara ba yaro ko cokali ɗaya. Ya lalace, kuma laifina ne, na rufe shi da zafi. In kin ba wata, ki kira ta yanzu. In yaro ya nuna wata alama, ki kai shi asibiti ki tafi da robar." Na tura kafin zuciyata ta hana ni. Sai na bi lambobi ina kira. Na sha zagi, har irin wanda ban taɓa ji a bakin mace ba. Wani magidanci ya ce zai zo da 'yan sanda, na ba shi kwatancen gida. Wasu nasu bai yi komai ba, wasu ba su buɗe ba, wasu sun tono sun ga abin da na gani suka fashe mini da kuka a kunne. Yara biyu sun yi gudawa ta kwana ɗaya ta tsaya. Kafin azahar na ji muryar kowa, har masu goyon Kaduna. Saura mutum ɗaya.

Da sunan Maman Pam na ajiye ta a waya, ta unguwar Daɗin Kowa. Ma'aikaciyar gwamnati ce, Pam ɗin ɗanta ne na fari, bayan shekara takwas da aure ta same shi, ita ta gaya mini a saƙon murya. Wata bakwai gare shi, kuma bayan nono ba ya karɓar komai sai kununa. Sau huɗu tana saye, ba mu taɓa haɗuwa ba. Na kira, a kashe. Na sake, a kashe. Saƙo ya tafi bai shiga ba. Na kira Malam Iro na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo.

Ya ce, "Hajiya, ni gidan ban sani ba. A bakin titi take tarar da ni, wajen mai gasa masara."

Na ce, "Kai ni wajen mai masarar."

Ya kalli hijabina, ya kalli robar da ke hannuna. "Kin san abin da za ki je ki faɗa musu kuwa? A unguwar da ba ki da kowa?"

"Na sani, Malam Iro. Ja mu je."

Ku da kuka tashi a garin nan kun san yadda mutum ke auna unguwa kafin ya shiga, mu Musulmi da su Kirista duka, ko da lafiya ake zaune. Muka bi ta Kwararafa muka miƙe kudu, ruwa na feso mu ta gefen keke, ni ko sanyi ban ji ba. Ban taɓa shiga Daɗin Kowa ba sai dai kayana su shiga, yau ga ni zan je in ce wa mutane na ba ɗansu ruɓaɓɓen abinci. Na ji tsoron duka, na ji tsoron jama'a su taru a kaina. Amma duk sa'ad da na rufe ido cokali nake gani yana tafiya bakin yaro, sai in ce wa Malam Iro ya ƙara wuta.

Mai masarar wata babbar mace ce da rigar sanyi, tana fifita gawayi a ƙarƙashin lema. Na gaishe ta na tambayi gidan Maman Pam.

Ta ce da irin Hausarta, "Ayya, Mama, ba ka ji ba? Yaro ba lafiya. Zawo, amai. Tun shekaranjiya suna asibiti."

Ta ga na dafe ƙarfen keke, ta miƙo mini kujerarta. "Zauna, Mama, zauna." Na ce mata ba zama, kwatancen asibitin kawai nake so.

Ƙaramin asibiti ne, ɗakin yara gado shida. Ban san fuskarta ba, robata na fara gani. Tana kan ɗan kabad a gefen gado, da takardar sunana, kusa da filas. Yaron na kwance an ɗaura masa ƙarin ruwa a hannu, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Uwar na zaune tana juya cokali a kofi tana hurawa.

Na ce, "Maman Pam, ajiye kofin nan."

Ta ɗago. Muryar ta gane. Fuskarta ta washe, wallahi ta washe, wannan ne abin da ba na mantawa.

"Mama Hajara? Ke ce? Wa ya gaya miki? Wayata ta mutu, na bar caja a gida. Kin ga yaronki, ya ƙi komai, kununki kaɗai yake karɓa, shi nake ta ba shi don kada ya galabaita."

Na karɓi cokalin daga hannunta, na buɗe robarta. Daga sama take ɗiba, ta kusa rabi. Na tona ƙasa na juyo mata shi. Ta kalla. Ta kai hanci. Ta ce mura take yi tun makon jiya, ta ɗauka ƙamshin dabino ne ya canza. Sai ta kalli kofin, ta kalli hannunta.

Ta ce, "Da hannuna na ba shi. Yana kawar da kai, ina lallashi."

Ta kira nas, nas ta kira likita, aka tafi da robar. Da suka fita ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yaron ya farka.

"Tsautsayi ne, ko kin sani?"

In na ce tsautsayi ne za ta yarda, mace ce mai tsoron Allah. Na ce, "Na sa hannu na ji ɗumi, na rufe. Sauri nake yi."

Ta ce, "Fita."

Na fita na zauna a bencin baranda. Na dawo Juma'a, na dawo Asabar, daga safe zuwa la'asar, ban shiga ba, ba a kuma kore ni ba. Mijinta ya wuce ni sau da yawa, ya san ko wace ce ni. Duk nas ɗin da ta fito da sauri sai na bi ta da ido. Duk kukan mace da na jiyo daga ciki sai na miƙe tsaye. Ban roƙi Allah sana'a ba, ban roƙi suna ba, cewa kawai nake ya Allah ka bar mata shi, shekara takwas ta jira. Likitan ya ce mini ba zai rantse garin ne kaɗai ba, damina ce, yara na gudawa, amma tun da aka daina ba shi jikin ya fara karɓar magani. Ni ban buƙaci rantsuwarsa ba. Lahadi da hantsi ta fito da yaron goye a bayanta, yana jan ɗan kunnenta. Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Na yi ta hamdala a bencin nan har mai shara ta tambaye ni ko lafiya.

Sauran shekarar ba daɗin faɗa. Bidiyon ya zaga har inda garina bai taɓa zuwa ba, ana ta sa shi ana cewa a yi hattara da masu sayar da abinci a waya. Matar nan mai mabiya ta goge nata bidiyon. Fiye da rabin masu sayena suka watse, akwai makon da ban kunna wuta a ƙarƙashin kasko ba. A guruf ɗin Koci aka yi darasi guda a kaina, wai yadda ba a tafiyar da matsala. Ba a ambaci sunana ba, amma kowa ya gane. Na fita daga guruf ɗin ba faɗa. Har yau yana jawabi, har yau bakinsa da daɗi, mai saurare ya saurara. Shi dai bai taɓa tura hannu cikin gari ba, ni da na tura na ji, ni na san abin da na yi. Na goge rubutun saman shafi na sa na Gwaggo: GARI SAI YA KWANA. Waɗanda suka dawo a hankali suka dawo, ɗaya-ɗaya, suna cewa wadda ta tona wa kanta asiri ba za ta ɓoye musu komai ba. Ba na jin daɗin wannan yabon, idanun Pam nake tunawa. Na ƙara layi biyu a takardar roba, ranar niƙa da ranar rufewa, kuma ba su taɓa zama rana ɗaya ba. Duk Alhamis ina buɗe ƙullin shaida a gaban kyamara, in tono ƙasansa, in dama in sha kowa na kallo.

Shi ya sa in yarinya ta ce mini babu wahala nake jin kamar in ɗauko muciya. Hoto za ki koya a kwana biyu. Jawabi kuwa ga shi nan kyauta, ki saurara har kunnenki ya toshe. Amma ranar da waya ke ƙara, mota za ta tashi, kwastoma na kiranki 'yar damfara, hannunki kuma ya ce miki da sauran ɗumi, babu mai jawabin da zai tsaya a kicin ɗin tare da ke. Har yau ban daina jin tsoro ba. Duk robar da zan liƙe sai gabana ya faɗi, kuma ba na fatan ranar da zai daina.

Lambar Maman Pam ban goge ba, ban kuma taɓa kira ba. Wata biyar bayan an sallami yaron, wata Laraba da safe ina regayar acca, waya ta yi ƙara. Na goge hannu na duba, na ga sunanta, sai da na zauna kafin na buɗe. Hoto ne, yaro tsaye ya dafa kujera, kumatu cike, haƙora huɗu a waje. A ƙarƙashi ta rubuta layi ɗaya, ba gaisuwa.

"Roba biyu, Mama. Ba na sauri, ki bar shi ya kwana."

Kwana biyu na ba shi.